Ranar da turmi ya koma yadi: gwajin da muka yi wa ejan ɗin AI a wani shagon Kwari

Ana saura kamar sati biyu a ɗau azumi Alhaji ya kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce "Injiniya, wannan yaron naka na cikin waya so yake ya zubar min da mutunci a kasuwa." Yaron da yake nufi ba mutum ba ne, ejan ne na AI da na haɗa masa a WhatsApp ɗin shagonsa na Kantin Kwari, aikinsa ya amsa wa kwastomomi tambayar kaya da farashi, ya ajiye musu abin da suka zaɓa, ya rubuta ciniki in an yi, saboda lokacin sallah saƙo yana shigowa har ƙarfe biyun dare kuma yaran shago ba inji ba ne.

Abin da ya faru shi ne wata Hajiya da take sari daga Maraɗi ta turo saƙo tana tambaya ko akwai sauran atamfar nan mai ruwan goro, turmi 30 take so. Ejan ya ce mata akwai Hajiya, har da sauran ma. Baiwar Allah ta turo ɗanta tun daga can, ya keto boda, ya sha zaman mota, ya iso Kwari da rana tsaka, aka buɗe sito aka tarar turmi 8 ne kacal. Kunya ta ishi Alhaji, sai da ya zaga layi yana haɗo mata a shagunan maƙwabta a kan farashin da ba nasa ba.

Da na buɗe tarihin hirar a kwamfuta sai na ga ejan ɗin bai yi ƙarya ba a nasa tunanin. Ya tambayi rumbun bayanai, rumbu ya dawo masa da 48, shi kuma ya ga 48 ta fi 30 shikenan ya ce akwai. Abin da bai sani ba, kuma ni ne ban faɗa masa ba, komai a rumbun nan da yadi aka lissafa shi tun zamanin da suke amfani da Excel, saboda shadda da yadi ake yankan ta. Turmin atamfa yadi 6 ne. Yadi 48 kenan turmi 8.

Ga wanda ba harkarsa ba ce bari na ɗan fayyace. Shi injin AI ba ya shiga rumbun bayananka da kansa, kai ne za ka rubuta masa ƙananan manhajoji da zai riƙa kira, masu harkar suna ce musu tul (ba tulun ruwa ba). Kuma ba ya ganin cikin manhajar ko kaɗan, abu uku kawai yake gani: sunan tul ɗin, ɗan bayanin da ka rubuta a kansa, sai jerin guraben da zai cike, waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wato tsarin da ake fayyace abin da kowane gurbi zai karɓa. Tun watan Yunin 2023 da OpenAI suka fito da tsarin kiran tul haka abin yake tafiya, da kamfanin Anthropic suka kawo MCP, wato ƙa'idar jona tul da injin AI, a Nuwamban 2024 ma ƙashin bayan bai canja ba, suna ne da bayani da gurabe. Wato kamar ka ɗauko sabon yaro wanda bai taɓa shiga Kwari ba, mai kaifin ƙwaƙwalwa sosai amma baƙo, ka miƙa masa makullai shida kowanne da ƴar takarda a jiki, ka tafi masallaci ka bar shi da kwastoma. Abin da ke jikin takardar nan shi ne duk iliminsa.

Toh ni me na rubuta a takarduna? Wallahi da na sake karantawa sai da na ji nauyin kaina. Na farko sunansa duba_kaya, bayaninsa "yana duba kaya". Na biyu duba_sito, "yana duba kaya a sito". Akwai farashi, akwai ajiye_kaya, akwai rubuta_ciniki da rubuta_bashi, duk layi ɗai-ɗai. Gurbin adadi kuwa abin da na sa a gabansa shi ne "lamba". Lambar me? Oho. Ranar da na rubuta su a wurina komai a fili yake, tunda ni na gina abin, na san duba_kaya na kantar shago ne, duba_sito na ɗakin ajiya ne da ke wajen Fagge.

Amma fa ban yarda laifina ba ne da farko. Abin da kowa yake yi shi na yi, na ɗora wa injin, na ce ai ƙaramin ne shi ya sa, na koma kan babba mai tsada na sake tura masa saƙon Hajiya. Ya amsa da ladabi da tsari fiye da na baya, sannan ya ce akwai turmi 30. Kuɗina kawai suka tafi.

Wanda ya fara buɗe min ido ƙanin matata ne, ɗalibi ne a BUK, ba ruwansa da kasuwa ba ruwansa da rubuta manhaja. Na buga bayanan nan shida a takarda na ba shi, na karanto masa saƙonni goma daga wayar shago na ce a kowanne faɗa min wane makulli za ka ɗauka kuma me za ka cike. A na biyu ya tsaya ya ce "Yaya, in mutum ya ce akwai kaza, kanta zan duba ko sito, ko duka biyun?" A na huɗu ya ce "shi wannan farashin na sari ne ko na ɗai-ɗai?" Ina ta ba shi amsa da baki ina jin haushi, can sai na lura duk amsar da nake ba shi babu ita a takardar. Bambancinsa da ejan ɗin kawai shi yana da bakin tambayata, ejan kuwa cankar abin da ya fi kama da daidai yake yi ya wuce.

Daga nan na daina karanta bayanin ina gyaɗa kai, domin wanda ya rubuta abu ba zai taɓa ganin ramin da ke ciki ba, ƙwaƙwalwarsa tana cike masa shi tun kafin ya gani. Na ce sai dai a gwada a ga abin da ejan yake aikatawa.

Na fara da rubuta tambayoyin gwaji da kaina, kuma nan ma na yi ɓarnar kwana biyu. Tambayoyina tsaf-tsaf suke, irin "nawa ne farashin yadi ɗaya na farar shadda a sari?" Ejan ya cinye su kusan duka, har na fara murna. Babu kwastoman da yake rubutu haka a duniya. Kwastoman gaske cewa yake "slm ya kasuwa, irin ta rannan fa", ko ya turo hoto ya rubuta "wannan nawa", ko ya ce "a saka min biyar a na jiya". Sai na roƙi Alhaji izini muka kwashi saƙonni 80 na gaske daga wayar, na goge sunaye da lambobin mutane, na ware 20 na kulle su a gefe na yi wa kaina alƙawarin ba zan kalle su ba sai na gama gyara. Sauran 60 muka zauna da babban yaron shagon, wanda ya fi shekara goma a Kwari, bayan la'asar in kasuwa ta ɗan lafa, ina karantowa yana faɗa min abin da shi zai yi. Shi ne alƙalin, ba ni ba. Sau da yawa sai ya yi dariya ya ce "Oga wannan ai ba saye zai yi ba, jin farashi yake ya je ya taya a wani wuri."

A kowane saƙo abin da nake dubawa shi ne ko ejan ya ɗau tul ɗin da ya dace, in ya ɗauka ko ya cike guraben daidai, sannan wanda ya fi ba ni wahala, ko ya gane lokacin da bai kamata ya taɓa komai ba sai dai ya yi tambaya ko ya miƙa wa mutum. Wannan na ƙarshen ba ni na ƙirƙiro shi ba, a allon gwajin kiran tul na jami'ar Berkeley da ya fito a 2024 akwai sashe guda da aikinsa kenan, a ba injin tul ɗin da bai shafi tambayar ba a ga ko zai iya kame hannunsa. Daga τ-bench, wani gwajin ejan na kamfanin Sierra, shi ma na 2024, na ɗauko dabara biyu. Ta farko kar ka duba daɗin bakin ejan, duba yadda rumbun bayanai ya kasance bayan an gama hirar, shi ya sa na yi kwafin rumbun Alhaji nake gwaji a kansa, bayan kowane zagaye in mayar da shi yadda yake. Ta biyu kar ka yarda da gwaji sau ɗaya. Injin nan ba kalkuleta ba ne, saƙo ɗaya zai iya amsa shi daidai yanzu anjima ya kauce. Lissafin ma mai sauƙi ne, in yana dacewa sau 9 cikin 10, damar ya dace sau biyar a jere ba ta wuce kashi 59 cikin 100 ba, shagon da saƙo ke shigowa dare da rana kuwa a jere ake buƙata. Don haka kowane saƙo sau biyar nake tura shi, in ya faɗi ko sau ɗaya na sa masa ja.

Takardar ta yi ja sosai. Amma da na jera kurakuran sai na ga ba warwatse suke ba, gida-gida suke.

Gida mafi girma na awo ne da kuɗi. Ban da turmi da yadi akwai dila, wadda yawan turamen cikinta ya danganta da kamfanin da ya ɗaure ta, ejan kuwa sai ya ƙirƙiro mata adadi daga kansa. Sai maganar dubu. A Kwari wa yake tsayawa cewa dubu talatin da biyar? "Talatin da biyar" ake cewa kowa ya gane. Wani kwastoma ya rubuta "na biya talatin da biyar saura sha biyu", ejan ya je ya rubuta masa bashin naira 12. Ba don a kwafi muke ba da Alhaji ya yafe dubu goma sha biyu bai sani ba. Akwai kuma masu turowa daga Nijar da Chadi da Kamaru da suke lissafi da sefa a ransu, gurbin kuɗin nawa kuwa bai ce naira ba bai ce komai ba.

Gida na biyu shi ne kalmomin da kasuwa ta ba su wata ma'ana. "Rubuta min" a bakin ɗan kasuwa bashi ne, ejan yana ganin kalmar rubuta sai ya ruga rubuta_ciniki kamar an biya, tunda sunayen biyu duk da rubuta suka fara kuma bayanin bai raba su ba. "Albarka" ya ɗauke ta addu'a ce, alhali ƙin tayi ne. Wani dillali ya ce "in ka sallama a arba'in a ɗaure min", shi kuma ya ajiye kayan har da godiya, ba tare da kowa ya sallama ba, shi da ba a ba shi ikon ragi ba ma.

Na zauna na sake rubuta bayanan, wannan karon kamar ina yi wa ƙanin matata bayani a rubuce yadda ba zai sake kirana ba. Na duba_kaya ya tashi daga kalma uku ya koma sakin layi guda: me yake dawowa da shi, cewa lambar da yake bayarwa yadi ce kullum, turmin atamfa yadi 6 ne, in kwastoma ya ambaci dila kar a yi lissafi a tambayi mutum. Gurbin adadi na raba shi biyu, lamba daban, ma'auni daban, kuma ma'aunin na mayar da shi zaɓi tsakanin yadi da turmi kawai yadda ba zai iya rubuta wani abu can ba. Gurbin kuɗi na canja masa suna ya koma kuɗi_naira, na sa misali a ciki cewa talatin da biyar a maganar atamfa 35000 ake nufi. Jikin bayanin da Turanci na rubuta shi, kalmomin kasuwar kuma da Hausarsu kowacce da fassararta a gefe, dalili kuwa na aljihu ne, bayanan tul gaba ɗaya ana tura su ne tare da kowane saƙo kuma rubutun Hausa ya fi cin tokin (guntayen rubutun da ake lissafa kuɗin injin da su) a kan na Turanci, kuɗin kuma da dala ake cira.

Duba_kaya da duba_sito kuwa duk yadda na juya bayaninsu ejan bai daina ruɗewa ba, ranar da na gaji na tambayi babban yaro shi ya yake yi, ya ce "ni ai duka nake dubawa Oga, kwastoma ina ruwansa da inda kaya suke." Sai na haɗe su suka zama tul ɗaya mai dawo da na kanta da na sito a tare. Matsalar ta mutu a take. Ashe wani lokacin ba bayanin ne ya gaza ba, rabon aikin ne tun asali bai yi daidai da yadda ake ciniki ba.

Sai kuma na yi gyaran gangar Auzinawa. Saboda tsoron abin da ya faru da dillalin nan na rubuta a bayanin ajiye_kaya da manyan baƙaƙe cewa KADA a taɓa ajiye kaya sai an tabbatar ɗari bisa ɗari. Na sake gwaji, jan da ke wancan gidan ya goge, wani sabon ja ya fito a inda da yake lafiya lau. Ejan ya zama matsoraci, mutum zai ce ƙarara "ajiye min turmi 4 na mai ruwan toka gobe zan aiko", shi kuma sai ya hau tambaya, kin tabbata Hajiya, huɗu kike nufi, mai ruwan tokar dai? Wata a gaske da tuni ta koma shagon gaba. Ba don ina sake tura duka 60 ɗin bayan kowane ɗan gyara ba da ban gani ba, da na duba wanda na gyara kawai na ce an gama. Na cire ihun, na sa dalili a madadinsa, cewa ajiye kaya yana hana a sayar wa wani, don haka a yi shi in kwastoma ya faɗi kaya da adadi kuma bai jingina maganar da sharaɗin ragi ba. Da aka faɗa masa dalilin sai ya fi iya rarrabewa fiye da lokacin da aka daka masa tsawa.

Wani wurin da ban taɓa ɗauka a matsayin bayani ba shi ne saƙon kuskure. In ejan ya nemi kayan da sunan bai dace da na rumbu ba, abin da tul ɗina yake dawo masa da shi lamba ce kawai, 404, shi kuma sai ya juya ya ce wa kwastoma kaya sun ƙare, alhali gezna ce aka rubuta ta wata siga daban da yadda take a rumbu. Na mayar da saƙon ya zama jimla, ba a samu wannan sunan ba, ga uku mafi kusa da shi, a tambayi kwastoma wanne yake nufi. Layi biyu na gyara, ciniki da yawa ya daina zubewa.

Ranar da na buɗe 20 ɗin da na kulle jikina ya ɗan yi sanyi. Sun fi na farkon kyau nesa ba kusa ba, amma ba su kai 60 ɗin da na yi ta gogewa ba, wato wani ɓangare na gyaran nawa haddar jarrabawa ce kawai na koya masa. Misalan da na cusa a bayanin duk na atamfa ne, da aka zo leshi sai ya ɗora masa lissafin turmi mai yadi 6, shi kuwa leshin Alhaji yadi biyar-biyar yake zuwa. Dole na rage misalan, na mayar da awon kowane kaya cikin amsar da tul ɗin yake dawowa da ita maimakon in dogara da ejan ya tuna.

Akwai kuma abin da na haƙura na cire daga hannun bayani gaba ɗaya. Rubuta bashi yanzu ba ya shiga littafi sai babban yaro ya danna amincewa a wayarsa, a cikin manhajar na ɗaure wannan ba a rubutun bayani ba, domin bayani roƙo ne, injin zai iya bi zai iya kaucewa. Ko a MCP ɗin ma alamomin da suke nuna cewa tul karatu kawai yake yi ko yana iya ɓarna, ƙa'idar da kanta ta ce ishara ce ba garanti ba. Sannan tunda na ga yadda jimla ɗaya take juya ejan, na daina jona masa tul ɗin wasu da na tsinto a intanet ba tare da na karanta bayaninsu har ƙarshe ba, a 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin tul injin ya bi mai shi bai sani ba.

Alhaji bai san duk wannan ba kuma bai nema ba, abin da ya tambaye ni kawai shi ne "yanzu in ya ce akwai, akwai?" Na ce ranka ya daɗe in dai abin da ke rumbu daidai ne, akwai. Ya ce toh wannan kuma tsakanina da yarana ne.

Saura saƙo ɗaya a cikin 80 ɗin da har yau ja ne, kuma na bar shi a haka. Wata ce ta turo hoton shadda ruwan madara ta rubuta "ta yi kyau, bari Alhaji ya dawo in sha Allah." Sau biyar na tura, sau uku ejan ya ajiye mata, sau biyu ya yi godiya kawai. Na kai wa babban yaro ya raba mana gardama, ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya ce in wadda yake zato ce a ajiye don mijinta ba ya musa mata, in kuma ɗayar ce kar a soma, tun bara take jiran Alhajin ya dawo. Na ce ai na goge sunan. Ya miƙo min wayar ya ce toh shi ma bai sani ba.